Mai Turare a Ƙofar Inna Saude

Ba don gida Sahabi ya ɗaura wa jakinsa kaya ba a shekarar nan. Kasuwar Tsafe ya nufa, shi da ayarin 'yan koli daga Kano, da niyyar su ci ta, su ci ta Gusau, su juya kafin ruwa ya sauka. Lokacin Nasara sun riga sun zauna, hanya ta yi lafiya, har ana raɗe-raɗin wai za a jawo jirgin ƙasa zuwa Gusau. Sahabi turare yake sayarwa, kuma ba ƙaramin ɗan koli ba ne. Almiski, wardi, sandal, jibda, duk suna cikin akwatinsa. In ya bi ta lungu, sai a daɗe ana sanin ya wuce.

Tukunyar kalwa ce ta juya masa tafiya. Yana cikin shimfiɗa kaya a kasuwar Tsafe, iska ta kwaso masa warin kalwar da ake dafawa a bayan wani darni, za a yi daddawa. Kowa ya san wannan ba shi ake kira ƙamshi ba, abokan tafiyarsa ma toshe hanci suka yi. Shi kuwa sai ya tsaya ƙiƙam da kwalba a hannu. Ya ga tsakar gidansu a Bungudu, ya ga mahaifiyarsa Inna Saude a tsugune tana iza wuta da karan dawa, tana korar kaji da ƙafa. Tun gemu bai tsiro masa ba ya bar gidan, yana cewa sai ya yi arziki zai koma. Da arzikin ya zo, sai magana ta koma baɗi, baɗi kuma ta haifi wata baɗin, ga shi har furfura ta fara leƙowa. Kewar gida ta kama shi a wurin, kamun da ba ya saki. Ya je ya gaya wa Buba, madugun ayarin, cewa zai leƙa Bungudu ya same su a Gusau.

A Gusau ya yi kuskuren da ya ja masa duk abin da ya biyo baya. Ya ce mutum ba ya komawa gaban uwarsa da ƙurar hanya. Ya yi wanka, ya ɗauko babbar riga da rawani, sannan ya buɗe akwatinsa. Mai abu ba ya sanin ya yi yawa. Ya shafa wardi a gemu, almiski a wuya, ya zuba man sandal a gashin kansa har yana naso, ya lakata jibda a gefen rawani, ya kuma turara rigar da jawul. Jakinsa ma da ya saba sai da ya yi ta firji har suka kai Bungudu.

Ƙanensa Attahiru ne ya fara ganinsa a ƙofar gida da hantsi. Ya ƙura masa ido, ya ga tabon harbin jaki da ke girarsa ta hagu, sai ya yar da fartanya ya rungume shi. Ƙanwarsu Wasila, wadda tana rarrafe ya bar ta, ta fito da goyo ta rangaɗa guɗa. A zaure suka gaya masa abin da ya faru a bayansa. Mahaifinsu Malam Tambaya ya rasu a shekarar yunwa. Inna tana nan da ranta da bakinta, amma idanu sun tafi.

"Sai dai hanci," in ji Attahiru. "In miya ta kama a gidan maƙwabta, ita ka riga matar gidan sani. Da hanci taka gane kowa."

Sahabi ya yi dariya, ya ce ai kuwa yau hancinta zai sha daɗi. Ya cire takalmi, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Tana zaune a kan tabarma, ta ƙanƙance, carbi a hannu.

"Salamu alaikum, Inna. Ni ne na dawo."

Tsohuwa ta yi atishawa. Ta sake yin wata.

"Wasila! Wa anka bari ya shigo min da kasuwa cikin ɗaki?"

"Inna, Yaya na. Yaya na yad dawo."

"Wane yayan? Ɗana ba ya ƙamshin amare. Kuma ji bakinai, Bakano na tsantsa."

Sahabi ya kama hannunta ya ɗora a kumatunsa don ta shafa tsagar gidansu. Ta shafa, ta ce rabin Zamfara suna da irin wannan tsaga. Ya kawo mata sunan tsohon jakinsu, ya kawo labarin ranar da guga ya faɗa rijiya aka zura shi ya ɗauko. Ta saurara har ya gama.

"Wancan ma da yaz zo bayan yunwa yac ce shi na ɗana, ya san sunan jakin," in ji ta. "Lokacin Attahiru ya tahi cin rani, babu mai ƙaryata shi. Yac ci tuwonmu har yay yi kumatu, yat tahi da akuyata. Ni ba a yi min biyu. Amma baƙo baƙo na, a ba shi zaure, a ba shi hura shi sha."

Abin ya ba mutanen gida dariya, har da shi Sahabin, amma da ya koma zaure sai dariyar ta ƙare. Shi ɗan fari ne, bai taɓa sa ran Inna za ta rungume shi ko ta yi masa lale marhabin ba. Tun yana yaro ba ta kama sunansa, ba ta hira da shi, in ya shigo ɗaki sai ta sami abin yi a waje, kamar yadda kowace uwa mai kunya take yi da ɗanta na fari. Abin da yake so kaɗan ne, ta san cewa shi ne, ta san ɗanta ya dawo tun tana da rai. Ga shi ya zo har gabanta, ta sa a ba shi zaure.

Wasila ta ce abin mai sauƙi ne, turare ne ya rufe shi, a wanke turaren. Ya sauka gulbi da sabulun salo ya dirji jikinsa har fata ta yi zafi. Ya dawo ya durƙusa. Inna ta ɗaga hanci ta ce, "Mai turare ya yi wanka, madalla. Saura sandal." Attahiru ya ce to ya sa rigarsa ta gona, wadda ta sha gumi, ko warin gida zai taimaka. Bai kai ga yin sallama ba tsohuwa ta ɗaga murya tana kiran Attahiru ya zo, ga baƙo ya fara da rigarsa, saura akuya. Dabara ta uku ta Sahabi ce da kansa, kuma ita ta fi muni. Ya tuna yana yaro shi ke kiwon awaki, sai ya je ya wuni a turke, bunsuru yana goga masa jiki. Da ya zo gaisuwar la'asar, Inna ba ta ko amsa ba, sanda ta laluba tana cewa a kore mata bunsurun nan kafin ya ci mata tabarma. Wasila ta yi dariya har goyonta ya farka.

Daga nan ya bar dabara. Buba madugu ya aiko daga Gusau cewa hadari ya fara haɗuwa a gabas, ayari zai juya. Sahabi ya ce a gaya masa su sauka lafiya, shi yana da sauran aiki a Bungudu.

Abin mamaki, tsohuwa ta ƙi shi a ɗa amma ta so shi a baƙo. In hantsi ya yi bai zo ba, sai ta tambaya ina mai turare. Wata rana ta ce tun da ya cika mata gida da ƙamshi, ya kawo akwatin ta ji abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ba a cakuɗe kamar miyar marowaciya ba. Ya ɗauko, ya zauna a bakin ƙofa, yana miƙa mata tana shinshinawa. Wardi da almiski ba su dame ta ba, ta ce na matan sarakuna ne. Da ya miƙa mata ƙullin kajiji kuwa, sai ta riƙe shi da hannu biyu.

"Randar innata," in ji ta. "A Rawayya. Da shi taka turara ta kowace Juma'a. In kas sha ruwan randar nan da rani, sai ka ji kamar ba ka taɓa shan ruwa ba. Muna yara har ƙishirwar ƙarya muka yi don a ba mu."

Ta ba shi labarin Rawayya tun daga bakin rafi har gindin kukar da suke gaɗa. Kanumfari ya tuna mata ranar da aka kawo ta Bungudu tana amarya, da sarƙar kanumfari a wuya, bisa takarkarin da ya ga ɗanyar ciyawa ya ƙi tafiya, 'yan rakiya suna ja yana ja, har ango ya gaji da jira ya fito nema. Jibda ta sa ta dariya har da tari. Ta ce Malam Tambaya sau ɗaya ya taɓa sayenta, ya shafa duka ranar Salla, a masallacin idi sai da aka bar masa sahu shi kaɗai. Sahabi bai taɓa jin ko ɗaya daga cikin labaran nan ba. Bai ma taɓa sanin cewa mahaifiyarsa tana da ban dariya haka ba, domin shi ba ta taɓa yi a gabansa ba.

Ran nan kayan akwati suka ƙare, sai ya miƙa mata ɗan kaskon man kaɗe da yake kwaɓa turare da shi, don dai kada hira ta mutu. Man kaɗe ba abin nema ba ne, kowane gida akwai shi. Amma nasa ya kwana biyu, ya ɗan yi hamami, kuma rana ta narka shi. Tsohuwa ta shinshina, ta dangwala da yatsa ta murza. Ta tambaya ko Wasila tana kusa. Ya ce ta tafi rijiya.

"To matso. Kai da kaka son ka zama shi, bari in hwaɗa maka ko wane na shi."

Ya matso.

"Da irin wanga nika shahe shi bayan wanka. Da bazara anka haihe shi, zahi kamar yanzu. Da rana kakarshi ka ɗaukar shi, ni ko kallonai ba ni yi, kada a ce ba ni da kunya. Amma in gida ya watse, an tahi gona, sai in ɗauko abina in shahe shi tun daga kai har ƙahwa, in yi ta shinshinar shi. Sahabi. Sahabina. Baƙi na, mai faɗin goshi, ga ci kamar gara."

Sahabi ya sunkuyar da kai. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba sai yau. Daɗi ya kama shi, baƙin ciki ya kama shi, ya rasa wanda zai fara ji. Ita kuwa baki ya buɗe. Ta ce ranar da ya tafi ba ta raka shi ko zaure ba, ta tsaya tana daka kamar ba abin da ya faru, amma gero ya zama gari ya wuce gari ba ta sani ba. Ta ce duk ayarin da ya sauka a Bungudu sai ta aika a tambaya, a ce wai maƙwabciya ce ke tambaya. Ta ce ta fi son sa a kan sauran, Allah ya yafe mata, kuma in baƙo ya kuskura ya gaya wa Attahiru za ta ce ƙarya yake yi.

"Inna," in ji shi, "wallahi ni ne."

"Kai dai kana da kirki, mai turare. Da kai na, da na sani. Uwa ba ta ɓata ɗanta."

Haka aka yi ta yi. Kullum sai ta ƙara masa wani labarin Sahabi, yadda ya saci zuma ƙudan suka kumbura masa leɓe, yadda yake waƙa in yana kiwo da muryar da ke korar tsuntsaye. Wasu labaran ma ƙari take yi, shi ya sani, amma wa zai gyara wa uwa labarin ɗanta? Wani lokaci ya ce a ransa ko ya haƙura ya zauna a mai turare, tun da mai turare ya sami abin da Sahabi bai taɓa samu ba. Sai kuma ya ga ta juya fuska wajen ƙofa duk lokacin da jaki ya yi kuka a waje, tana jiran wanda ke zaune a gabanta. Wannan ba ya iya jure shi.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Alhamis. Washegari Jatau wanzami ya zo yi wa mazan gida aski, ya kama kan Sahabi ya ce wannan suma ta sha mai har aska tana santsi, ya kwashe ta tas, ya rage gemun. Babbar riga da rawani suka koma akwati, domin ba a shuka da su. Sahabi ya ɗaura walki ya ɗauki sungumi, suka fita gonar bayan gari shi da Attahiru. Hannunsa ya manta aikin, kafin rana ta take ya yi kanta, gumi yana bin bayansa.

Inna Saude kuwa ta kafe sai an kai ta gona. Ta ce tun tana yarinya ba a taɓa shuka ba ta ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a wurin ba, kuma makanta ba za ta hana ta ba. Aka ɗora ta a jaki, aka shimfiɗa mata tabarma a gindin ɗorawa, tana jan iska tana ba da umarni, tana cewa mai turare ramukansa sun yi kusa da juna, wai daga ƙarar sungumin ta ji.

Bayan azahar gabas ta yi baƙi ƙirin. Ita ta fara cewa ruwa na tafe, kafin kowa ya ɗaga kai. Iska ta taso, aka yi tsawa, jaki ya tsinke igiya ya yanki daji, Attahiru ya bi shi da gudu. Wasila ga goyo ga ƙwaryar iri a ka. Yayyafi ya fara sauka manya-manya. Sahabi bai tsaya shawara ba, ya durƙusa a gaban tsohuwa ya juya mata baya, ya kamo hannayenta ya ɗora a kafaɗunsa, ya miƙe da ita. Ba ta fi dami ɗaya nauyi ba.

"Kai! Sauke ni! Wa yac ce maka baƙo na goya matar mutane? Wasila, kina gani za a sace ni kamar akuyata!"

Yana gudu tana faɗa, ruwa yana dukansu, Wasila a baya tana dariya tana haki. Tsohuwa ta ce ya bi a hankali kada ya yar da ita, ta ce Kanawa ba su iya gudu ba, ta ce in ta faɗi sai ya biya ta da akwatinsa duka. Ya yi tsalle ya ƙetare wata kwata, kanta ya faɗo a bayan wuyansa, hancinta ya sauka a ƙeyarsa, sabon aski, ga gumin wuni ga ruwan sama.

Faɗa ya tsaya a tsakiyar kalma. Ya ji ta ja numfashi mai tsawo, ta riƙe, ta sake ja. Hannayen da ke dukan kafaɗarsa suka daina, suka zagayo wuyansa suka ƙanƙame. Daga nan har gida ba ta ƙara cewa uffan ba.

Ya sauke ta a kan tabarmarta, ya durƙusa yana haki, yana jiran ta ce wani abu. Tsohuwa ta laluba mayafinta ta ja shi har goshi, ta juya fuska wajen bango. Ya ce, "Inna, kin jiƙe?" Ba ta amsa ba. Ya ce ko ya hura mata wuta. Ta yi kamar da bango yake magana. Wasila ta shigo tana matse zane, ta dubi wannan ta dubi wancan, ta tambaya lafiya.

"Ke Wasila," in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa, ba ta juyo ba. "Hwaɗa ma wancan shi tashi min daga ƙohwa, ya tare min iska."

Wasila ta saki zanen, ta toshe baki da hannu. Sahabi ya miƙe a hankali, ya fita tsakar gida ya tsaya cikin ruwan, yana dariya hawaye suna zuba. Attahiru ya shigo janye da jaki, ya gan shi haka ya ce me ya faru.

"Ta daina yi mini magana," in ji Sahabi.

Daga cikin ɗaki suka ji muryar tsohuwa ta ɗan ɗaga, yadda za ta kai tsakar gida ba tare da an ce da wani take ba.

"A kwashe kayanai daga zaure, a kai ɗakin ubanai. Kuma ki hwaɗa mai, duk abin da nac ce kwanakin ga, da baƙo niy yi. Shi bai ji komi ba."